Kafin ku sayi na'urar ɗaukar labarin tsohuwarku, ga abin da na gwada a Makka

Tun ranar da na tura wa dangi muryar Iya tana ba da labarin yadda suka ƙetare teku daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda ake ta tambayata, wai da me kika ɗauka haka tas, nawa kika saya, a kantin Jarir ne ko ta manhajar sayayya ta noon kika yi oda. Toh bari in zauna in yi bayanin gaba ɗaya, dan wallahi na kashe kuɗi a wasu abubuwan da ba su amfane mu ba kuma bana so wani ya maimaita.

Iya kakata ce ta wajen uwa, muna tare da ita nan Makka wajen Shara Mansur. Tana 'yar ƙarama iyayenta suka baro ƙasar Katsina a ƙafa da jakuna, suka bi ta Maiduguri da Fort Lamy wadda yanzu ake ce wa Injamena, suka wuce Abeshe suka shiga Sudan ta Junaina, Fashir, Ubayyid, sannan suka yi shekaru a Jazira kusa da Wad Madani suna tsinkar auduga har guzuri ya taru. Irin wannan tafiyar kusan kowane gidan Hausawa a unguwannin Jarwal ko Misfala na Makka ko Karantina ta Jidda akwai mai ita a baki, kuma masu ita ɗin ƙarewa suke. Shekara 3 kenan da likita ya ce mana zahaimar gare ta. Mu a gida gigin tsufa muke cewa, Larabawa su ce kharaf, amma ya nuna mana ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho ke yinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da ciwon mantuwa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 wannan zahaimar ɗin ce. Abin jiya shi ke fara gudu, na yarinta ya daɗe. Iya ba za ta gaya muku me ta ci da safe ba amma ta san sunan rijiyar da jakinsu ya mutu a bakinta. Ga kuma Larabcin da ta yi shekara da shekaru tana yi ya fara zame mata, ta koma Hausa zalla irin ta Katsina, jikokin da aka haifa nan rabi ba sa gane me take faɗa.

Abin da na so wani ya gaya min tun farko shi ne aiki biyu ne, kuma kayansu daban. Akwai ɗaukar labarin, akwai mayar mata da shi ta ji ko ta gani. Mutane sai su sayi abu ɗaya mai tsada su ce zai yi duka, ba ya yi.

A ɓangaren ɗauka, jawwal ɗin da ke hannunku, wato waya, ya isa farawa, yau ma ba sai gobe ba. Matsalarsa ɗaya ce kuma babba ce, sauti. Ɗaukata ta farko na ajiye wayar a kan darduma tsakaninmu, Iya ta yi kusan minti 40 tana zuba labarin kasuwar Ubayyid, da na zo saurara da dare ba abin da ke fita sai gurnanin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarar cokali, muryarta can ƙasa kaman daga cikin rijiya. Labarin nan bata sake ba da shi da tsawo haka ba har yau, kuma yana cina a rai. Muryar tsoho bata da ƙarfi, haƙora sun zube, kalma na fita a hankali, dole makirfon ya zo kusa da baki kaman taƙi ɗaya ko biyu. Mukayyif kuma a Makka ba a kashe shi a zauna lafiya, dabarar da nake yi in sanyaya ɗakin sosai tukuna sai in kashe na minti 15 mu yi abin da za mu yi.

Shi yasa in za ku sayi abu ɗaya tak, ku sayi ɗan makirfon ɗin nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Iri biyu ne, mai igiya da mara igiya. Mai igiya kaman Boya BY-M1 igiyarsa ta kai mita 6, yana cin ƙaramin batir irin na agogo, nawa bai kai riyal 100 ba. Amma ku duba bakin wayarku kafin ku biya, dan kansa na ramin abin sauraro ne na da, sabbin wayoyi da yawa ba su da wannan ramin sai an haɗa da ɗan mahaɗi na USB-C, su iPhone 14 zuwa ƙasa kuma nasu bakin daban ne. Mara igiya irin su Rode Wireless GO ko DJI Mic ko Hollyland Lark sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma ga mai ciwon mantuwa suna da wata fa'ida, ba igiyar da za ta riƙa ja tana tambaya mene wannan, kuma in ta tashi ta nufi kicin tana magana ana ci gaba da ɗauka. Na taɓa sayen wani mara suna mai araha a wani shagon waya, sai ya riƙa yanke farkon kalma duk sanda ta yi shiru ta dawo, wai yana rage hayaniya, ashe muryar tsohuwar yake ɗauka a matsayin hayaniyar. In za ku sayi mara igiya ku gwada shi a shagon da murya ƙasa-ƙasa, kar ku yi ta ɗaga murya kuna gwaji, kuma ku tambaya ko ana iya kashe rage hayaniyar. Ni dai a ƙarshe mai igiyar na koma wa, ina zura igiyar ta ƙarƙashin mayafinta bata ma lura.

Sai rakoda, wato na'urar da aikinta kenan ɗaukar murya kawai. Sony ICD-PX470 tana da gurbin 4GB a ciki, batir AAA biyu take ci, tana da bakin USB a jikinta a soka a kwamfuta kai tsaye. Zoom H1n ta fi ta kyan sauti amma sai an saya mata katin memori daban, kuma tana jin komai har motsin yatsa a jikinta, gara a ajiye ta kan matashi. Amfanin rakoda a wajena ba kyan sautin ba ne ma, a'a, kira ba ya shigowa ya katse, saƙo ba ya ƙara, kuma za ku iya barinta wajen wanda ke kwana da tsohuwar. Dan labari ba ya zuwa lokacin da kuka shirya, wani lokacin bayan asuba ne tana jan carbi sai kawai ta fara. Gwaggona ke kwana ɗakin Iya, bata harka da manhajoji ko kaɗan amma jan maɓalli ɗaya ta iya dannawa, kuma mafi daɗin abin da muke da shi ita ta ɗauko. In akwai hali, makirfon ga mai waya, rakoda ga mai kwana da ita. In babu, makirfon ɗin.

Bidiyo fa? Yana da kyau a samu ko kaɗan ne saboda fuska da hannu in tana kwatanta yadda ake daka ko yadda jirgin ruwan ke tangaɗi. Amma kyamara ta musamman asarar kuɗi ce a wannan aikin, waya da ɗan abin kafa ta sun wadatar. Ku bar ingancin bidiyon a 1080, a iPhone minti ɗaya wajen 60MB ne, 4K kuwa ya kai 170MB, murya zalla ta MP3 kuma wajen 1MB a minti. Sannan tsofaffin matanmu da yawa da sun ga an saita musu waya sai su ja mayafi su yi gum. Iya haka take, shi yasa yawancin namu murya ce.

Yanzu ɓangare na biyu, mayar mata da labarin, nan ne na fi yin kuskure. Na sayi tablet da zumuɗi na zuba hotuna da muryoyi na miƙa mata. Yatsarta a bushe take gilashin baya jinta sosai, in ya ji kuma sai ta danne ta daɗe komai ya watse, ta shiga wani wajen, ta rikice ta ture shi ta ce a ɗauke mata madubin nan. Tablet na da amfani amma sai da mutum a gefe yana riƙe, kuma a kulle shi kan manhaja ɗaya, a iPad ana ce wa abin Guided Access, Android ma na da nasa na maƙale allo. In kuna da tsohon tablet a gida ku yi da shi, kar ku sayi sabo dan wannan.

Firam ɗin hoto mai lantarki ya fi sauƙi tunda ba abin da za ta taɓa, hotuna ke wucewa da kansu. Masu aiki da manhajar Frameo dangi na iya turo hoto daga Kano ko Gadarif ya faɗo kai tsaye in akwai intanet a gidan. Sai dai ku rage gudun canjin, hoto ya daɗe kafin wani ya zo, kuma ku kashe shi kafin magariba dan masu wannan ciwon da yamma suka fi rikicewa, fuskoki na canzawa a bango na iya tsorata su.

Abin da ya yi mana aiki fiye da komai kuma shi ya fi araha: 'yar rediyon Alƙur'anin nan da ake sayarwa a shagunan kewayen Harami da Balad ta Jidda, mai cin katin memori. Iya ta santa tun da, bata tsoronta, maɓallanta manya ne ana jinsu a yatsa. Na sayi kati daban na zuba mata fayil kaɗan, karatun da ta saba ji, waƙoƙin yabon Annabi da take bi tun tana yarinya, labarinta da muryarta guntu-guntu na minti 3 zuwa 5, da gaisuwar 'ya'yanta kowa ya faɗi sunansa da ko shi wane ne a wajenta. Ku tabbata fayilolin MP3 ne dan yawancin rediyoyin nan ba sa karanta saƙon murya na WhatsApp yadda yake, sai an juya shi. Ku sa musu lamba 01, 02, 03 su bi layi. Ranar da ta fara jin kanta tana ba da labarin Sawakin ta yi tsit, ta kara kunne, can sai ta ce "wannan matar ta san hanya", ta karɓe labarin daga inda ya tsaya ta ƙara wani abin da bamu taɓa ji ba, cewa uwarta ta ɗinke kuɗinsu cikin ƙullin zani kafin su hau jirgi.

Kusa da rediyon sai albam na takarda. Na ɗauki tsofaffin hotunan da manhajar PhotoScan ta Google wadda ke cire ƙyallin fitila, na kai studiyo aka wanke manya, hoto ɗaya a shafi, na rubuta suna a ƙasa da manyan baƙaƙe cikin ajami tunda shi ta iya karantawa. Akwai albam mai magana da ake ɗaukar murya a kowane shafi, na gani yana da kyau, amma lasifikarsa ƙarama ce, in kunnen tsohuwarku ya yi nauyi ba za ta ji ba.

Manhajojin da ake biya duk wata ko duk shekara na rubuta tarihin iyali ban ba da shawararsu ba. Galibi da Turanci aka gina su, suna turo tambaya a rubuce tsoho ya amsa, wanda ba namu tsarin ba ne. Masu juya murya zuwa rubutu kuma da Iya ta haɗa Katsinanci da Larabcin Sudan da na Hijaz a jimla ɗaya sai su rikice, da hannu nake rubutawa kaɗan-kaɗan.

Ajiya kam kar ku yi wasa da ita. Google na ba da 15GB kyauta, iCloud 5GB, murya zalla za ta daɗe bata cika su ba. Ku ajiye a waje uku, waya ko kwamfuta, intanet, da filashi a gidan wani ɗan uwa daban. 'Yan uwanmu na Wad Madani da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa sun fita ba albam ba komai, hotunan kakanninmu na can da suka rage su ne waɗanda aka taɓa turo mana ta waya. Kuma ku sa wa kowane fayil kwanan wata da abin da ke ciki tun a ranar, bayan wata 6 ba mai tuna wanne ne wanne.

Dan Allah kuma maganar izini. Ku tambaye ta duk sanda za ku ɗauka ko da ta manta ta jiya, in ta ce a'a khalas a bari. Abin da da hankalinta ba za ta yarda duniya ta gani ba kar ciwo ya sa ku ɗora shi a TikTok, balle lokacin da take cikin ruɗewa. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da ta kai riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da kyamarar waya. Tsofaffi kuma suna ambaton sunaye da maganar takardu da iƙama, wato izinin zama, da auren wasu, ku saurara da kyau ku yanke kafin ku tura ko a zauren dangi ne.

Wajen zaman kansa, kar ku ce mata "kin tuna?", jarrabawa ce kuma in ta kasa sai ta ji kunya ta rufe baki. Ni nakan kawo abu in sa mata a hannu, daddawa ta sansana, ko auduga, ko tsohuwar tasar da ta zo da ita, in ce Iya ba ni labarin wannan. In ta haɗa shekaru ko ta ce mahaifinta na nan da rai bana gyara mata. Da hantsi muke yi bayan ta sha shayi, minti 15 zuwa 20, da na ga ta fara murza gefen mayafi na san ta gaji sai in kashe. Jiya da na sa mata audugar a hannu bata ce komai ba, ta dai yi ta cire 'ya'yan tana tarawa a cinya tana wata waƙa ƙasa-ƙasa, makirfon ɗin ya kama ta tas, yanzu ina neman wanda zai gane min baitin ƙarshe dan gwaggo ma bata san shi ba.