Sharhi kan akwatin kayan cire boris da danna shi a gaɓoɓin keken hawan dutse

Akwatin ƙarami ne, babu sunan wani sanannen kamfani a jikinsa. Ta intanet na saye shi, aka aiko mini Birnin Kebbi ta tashar mota. Abu biyu ne a ciki: na zaƙulo tsohon boris daga gurbinsa, da na danna sabo. Na yi aiki da shi a kan kekena, wani abokin hawana ya ara ya yi a nasa, don haka na san shi daidai gwargwado. Ɓangaren dannawa ya biya kuɗinsa har da riba. Ɓangaren cirewa kuwa sai an lallaɓa shi. Duk da haka, muddin akwatin nan yana hannuna, ba wanda zai kusanci gaɓar kekena da guduma.

Keken da nake magana a kansa shi ne na hawan dutse mai shokozoba gaba da baya, irin wanda yanzu ake samu jefi-jefi a cikin gwanjo. Bayansa ba a like yake da gangar jiki ba kamar Raleigh da Phoenix ɗin da muka tashi muka tarar. Gaɓoɓi ne suka haɗa su, domin tayar baya ta riƙa hawa da sauka idan ta taka dutse ko ta faɗa rami. Nawa na alminiyam ne, gaɓoɓinsa huɗu, kowace da boris biyu. Hanyoyin da nake bi su ne na fadama ta wajen Ambursa da kuma tsakuwar gefen tudun Dukku. Da damina taɓo ne, da hunturu ƙura, kuma duka biyun cikin boris suke ƙarewa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne boris ɗin gaɓa ba ya juyawa. Na taya yana zagayawa dubban sau, man giris yana yawo ko'ina a cikinsa. Na gaɓa kuwa ɗan motsi kawai yake yi gaba da baya, 'ya'yansa suna dukan wuri ɗaya kamar taɓarya a turmi, har su haƙa ƙananan ramuka a zobban ƙarfe biyu, na ciki da na waje, da suke birgima a tsakaninsu. Idan ƙura ta ratsa robar da ke rufe gefen boris ta gauraya da giris, aikin sai ya ƙara sauri. Wankin keke a wurin wankin mota ma yana da nasa laifin, domin ruwan injin nan mai ƙarfi yana tura kansa ta ƙarƙashin robar ya bar tsatsa a ciki.

Kafin ka kashe ko kwabo, tabbatar boris ɗin ne. Ɗaga sirdi sama a hankali ka saurara ko za ka ji ƙwas. Riƙe gangar jiki ka tura tayar baya hagu da dama. Wani lokaci motsin daga boris ɗin taya yake, ko daga inda aka ɗaure shokozoba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka saki iskar shokozoba, ka kwance shi, ka ɗaga bayan keken da hannu ka sauke. Idan yana tafiya sumul, bar shi. Nawa yana sarƙewa yana saki, ana jin ƙaiƙayin yashi har a tafin hannu.

Na fara kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke da na daɗe ina mu'amala da shi, mutum ne mai gaskiya. Ya juya gaɓar ya duba, ya ce: “Ɗana, zan iya bugo maka su waje da bolti da guduma, amma wanga ƙarfe mai taushi ne. In gurbin ya buɗe, babu abin da zan iya yi maka.” Na ce: “Baba, to a dakata.” Maganarsa ita ce ta sa na nemi akwatin, kuma ita ce gundarin lamarin. Boris abu ne da ake saye a sake. Gurbin da yake zama a ciki kuwa jikin keken ne, an daidaita faɗinsa ne ta yadda boris zai shiga da matsi. Idan ya fito a karkace, ƙarfensa mai tauri zai kankare alminiyam ɗin, sabon da za ka sa ya riƙa rawa, kuma keken irin wannan ba a samun gangar jikinsa a kasuwar Jega balle a nan.

Na dannawan dogon bolti ne mai hannu a kowane gefe, da faifaye masu girma daban-daban, kowanne an yanka shi daidai da lambar boris guda. A nan ne akwatin ya burge ni. Faifan yana taɓa zoben waje ne kaɗai, wanda shi ne ƙa'idar aikin, domin idan ka danna ta zoben ciki nauyin zai bi ta kan 'ya'yan ya lotsa su tun kafin keken ya taka ƙasa. Yana da ɗan tudu a tsakiya da ke shiga ramin boris ya riƙe shi a miƙe. A ƙarƙashin hannun da ake murɗawa kuma an sa wani ƙaramin boris, saboda haka murɗawar ba ta da nauyi, kana jin duk abin da ke faruwa a yatsunka. Idan ya fara karkacewa, nan take za ka ji ya yi tauri, sai ka sassauta ka gyara. Idan ya kai ƙarshen gurbi, hannun yana tsayawa cak. Da guduma babu wannan sanin, sai dai bayan an yi ɓarna a gani.

Na goge gurbin tas, na shafa giris kaɗan. Zafinmu ma ya taimaka. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi, don haka na jingine gangar jikin a rana da azahar, sababbin boris kuma na ƙulle su a leda na saka cikin kula mai ƙanƙara. Suka shige ba gardama. Wanda gangar jikin kekensa ta kabon ce, ba ta ƙarfe ba, kada ya yi wasa da zafi, kuma kada kowa ya kawo wuta kusa da fenti da roba.

Na cirewan kuwa wasu bakuna ne masu tsaga, ka zura ɗaya cikin ramin boris, ka murɗa ya buɗe ya kama bayan zoben ciki, sannan ka ɗaura sanda mai guduma mai zamiya ka riƙa fizgowa. Ana bukatarsa ne a gaɓar da aka sa boris biyu baya da baya da ɗan tudu a tsakaninsu, inda babu ta yadda za a turo su daga ɗaya gefen. Tsarin daidai ne, ƙarfen da aka yi bakunan da shi ne bai kai ba. Bakin milimita 15, wanda na fi amfani da shi, leɓensa ya fara lanƙwashewa tun ban gama keke ɗaya ba, ya riƙa suɓucewa. Sai da na jiƙa gaɓar da man sassauta tsatsa ta kwana, na kuma matse bakin iya matsewa, sannan ya kama.

Wuri ɗaya ya ba ni wahala sosai. Boris ɗin babbar gaɓar ƙasa, wadda ta fi kusa da taɓo, ya ci tsatsa har ya ruɓe. Da na fizgo sai zoben ciki ya fito da 'ya'yansa, zoben waje ya maƙale a gurbi. Wannan ne ya fi komai haɗari a aikin, don nan ne hannu ke ƙaiƙayin ɗauko sukuddireba a yi ta zungura. A cikin akwatin akwai babban baki da ya yi daidai da cikin zoben, ya kama kwarin da 'ya'yan ke bi, ya fito da shi a hankali. Na yaba da hakan, amma da kaina na gano. Babu takardar bayani ko ɗaya a ciki, faifayen ma wasu babu lamba a jikinsu, sai ka gwada da tsohon boris. Wanda bai taɓa ganin ana aikin ba zai sha ruɗani, kuma wannan gazawa ce babba ga kayan da ake sayar wa masu koyo.

Neman boris ɗin kansa wani aiki ne. Kasuwarmu cike take da boris na babur, janareta da injin ban-ruwa, domin su manoman shinkafa ke nema kullum. Na gaɓar keke sirara ne. Nawa 6902 ne da 6900, kamar yadda aka rubuta a robarsu. Lamba 6902 tana nufin rami milimita 15, faɗi 28, kauri 7. Ita kuma 6900 rami 10, faɗi 22, kauri 6. Wani mai shago ya miƙo mini 6202 da kyakkyawar niyya, ya ce ramin ɗaya ne. Gaskiya ne ramin 15 ne, amma faɗinsa 35, kaurinsa 11, ba zai shiga ba ko kusa. Akwai kuma 6802 mai rami 15, faɗi 24, kauri 5. Tafi da tsohon a aljihu, ka karanta lambar harafi-harafi. Nemi mai 2RS, wato mai roba gefe biyu. Mai ZZ murfin ƙarfe ne da shi, ƙurar hunturu tana wuce shi.

Idan da hali, sayi irin da ake kira MAX, wanda kamfanin Enduro na Amurka ya yi suna da shi. An cire ragar da ke raba 'ya'yan, an cika wurin da ƙarin 'ya'ya, don haka nauyi yana rabuwa a wurare da yawa. Kamfanin yana cewa ƙarfin ɗaukar nauyinsa ya ɗara na gama-gari da kashi 35 zuwa 40 cikin 100. Bai dace da wurin da ake gudu ba, amma gaɓa ba gudu take yi ba. Nawa sai daga Legas aka samo su. Na gama-gari mai 2RS zai yi aiki idan babu wancan, sai dai ka sa ran sake buɗewa da wuri.

Wajen mayarwa, akwatin ba zai taimake ka ba. Akwai ƙananan washa tsakanin boris da ƙarfen gaɓa, kowace da gefen da take fuskanta. Ɗauki hoto da waya kafin ka zare kowane bolti, ka jera su a faranti bisa tsarin da suka fito. Yawancin boltocin gaɓa na alminiyam ne, alanki mai cinyayyen baki yana lalata kansu nan da nan. Ƙarfin ɗaurin sau da yawa a rubuce yake a kan boltin, lamba ce da haruffan Nm, ma'aunin ƙarfin murɗawa, a gabanta, kuma da sifana mai awon ƙarfi ake cika shi. Ɗiga ruwan gam na bolti mai suna Loctite 243, shuɗin, a kan haƙoran boltin don kada girgiza ta kwance shi. Jan kuwa sai da zafi ake kwance shi, bai dace da nan ba.

Bayan aikin, ƙwas ɗin nan ya ɓace. Abin da ya fi faranta mini shi ne yadda tayar baya ta koma bin ƙasa a kan tsakuwa, har sai da na ƙara wa shokozoba iska kaɗan, domin a da taurin matattun boris ne ke riƙe wani ɓangare na nauyina.

Mai keke ɗaya da zai buɗe gaɓa sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka, kuɗin zai yi masa yawa, gara su haɗu su uku ko huɗu su saya tare. Wanda ya fi cancanta ya mallake shi shi ne mai gyaran keke, tun da irin waɗannan kekuna suna ƙaruwa a gari kuma masu su ba su da inda za su kai. Na bar wa Baba akwatin a shagonsa bisa sharaɗin duk mai bukata ya je can a yi masa, shi kuma ya karɓi ladan aikinsa. Bakin milimita 15 ɗin nan kuwa na riga na sa a nemo mini wani daban mai ƙarfe mai tauri, don wanda ya zo a ciki ba zai kai keke na huɗu ba.