Yawon Paris da jagora Bahaushe: kuɗin ya fanshu, amma jadawalin na son gyara

Ni da maigida daga nan Jos muka biya wani kamfanin tafiye-tafiye da ke Wuse a Abuja ya shirya mana yawon Paris. Otal da mota ba laifi. Abin da ya fanshi kuɗinmu shi ne jagoran da suka haɗa mu da shi, wani Badamagare da ya daɗe a Faransa, ga Faransanci a bakinsa, ga Hausa tsantsa.

Tun farko ya duba jadawalin kamfanin ya ce, "Hajiya, an sa muku gidan tarihi na Louvre ranar Talata, ai ranar a rufe yake." Nan take ya sauya mana rana, ya sayi tikiti mai lokaci ta intanet. Hoton Mona Lisa, shahararren zanen da ke can, ɗan ƙarami ne, yana bayan gilashi, jama'a sun yi masa cincirindo kowa ya ɗaga waya. Kallo ɗaya ya isa.

Inda zuciyata ta tsaya shi ne gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, dab da hasumiyar Eiffel. Ba ya cikin jadawalinmu, jagoran ne ya kai mu da ya ji daga Jos muke. A can na tsaya gaban mutum-mutumin yumɓu na Nok, tsohuwar al'adar tsakiyar Najeriya, da idanun nan masu huda a tsakiya da kitson da aka tsara a ka, irin waɗanda nake kai ɗalibaina su gani a gidan tarihinmu da Baturen nan mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya kafa a 1952. Sun sha haske, ɗakin tsit, babu ƙura ko kaɗan. Na ji daɗin kulawar, amma wallahi raina ya sosu ganin kayan ƙasarmu a bayan gilashin wasu.

Azahar ya kai mu Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926, muka yi salla, muka sha shayin na'ana'a a farfajiyarsa.

Ƙorafina ga kamfanin ne. Sun cusa Eiffel da majami'ar Notre-Dame da yawon kogin Seine a wuni ɗaya, ba su ware lokacin salla ko na cin abinci ba, ƙafafun maigida har suka kumbura. Wanda zai tafi da dattijo ya sa a rage masa wuraren tun a Abuja, kuma ya tabbatar an rubuta masa jagora mai jin Hausa a takardar yarjejeniya kafin ya biya.