Jamus Biyu Bayan Yaƙin Duniya na Biyu: Yamma ko Gabas?

Bajamushen da ya tsira daga yaƙin da ya ƙare a 1945 ya sami kansa tsakanin tafarki biyu, musamman bayan da aka kafa ƙasashe biyu a 1949. A Yamma, sabon kuɗin da aka fitar a 1948 da tallafin Amurka sun sa kantunan da suka daɗe wayam suka cika da kaya, har aka soke katin rabon abinci a 1950 ƙarƙashin shugaban gwamnati Konrad Adenauer, ko da yake iyalai da yawa sun ci gaba da cunkushewa a ɗaki guda saboda ƙarancin gidaje.

A Gabas kuwa, Tarayyar Sobiyet ta kwance masana'antu ta kwashe a matsayin diyyar yaƙi, kuma uwargida ba ta rabu da katin sayen nama da sukari ba sai 1958. Gaskiya ne kuɗin haya ba shi da tsada, aiki ma yana samuwa, amma a ganina hakan bai isa ya wanke gwamnatin da aka murƙushe ma'aikatanta da tankokin yaƙi a watan Yunin 1953 ba. Kafin a gina katangar Balin a 1961, mutane fiye da miliyan 2 sun tsere zuwa Yamma.