Kafe marar kafeyin: wanne za ka saya a Yamai?

Masu hawan jini da waɗanda barci ke yi wa gardama kan nemi "deka", wato kafen da aka cire wa kafeyin, sinadarin da ke hana barci, a manyan kantunan Yamai. Mai shayin bakin hanya ba kasafai yake ajiye shi ba, don haka in za ka fid da kuɗinka, gara ka san abin da ke cikin ƙunshin.

Ba a gona ake cire kafeyin ba. Ƙaramin manomi a Habasha, Ruwanda ko Kolombiya aikinsa tsinka, wanki da shanya. Daga nan ɗanyar ƙwayar ta nufi masana'anta, galibi a Jamus, Kanada ko Meziko, a jiƙa ta ko a turara, a cire kafeyin kafin a soya. Wannan doguwar tafiya ce kake biya.

Mafi araha shi ne wanda aka wanke da sinadarin metilen kulorayid. Sunan na da ban tsoro, amma yana tashi ya bi iska a zafin digiri 40, wanda ranar Afrilu a Yamai kan wuce, alhali suyar kafe tana haura 200. Turai ba ta yarda ragowarsa ya wuce miligiram 2 a kilo ba. In ƙunshi bai faɗi hanyar da aka bi ba, sau da yawa sinadari ne.

Mai tambarin Swiss Water ruwa ne kawai. Ana jiƙa ƙwayar a ruwan da ya riga ya ƙoshi da ɗanɗanon kafe, don haka kafeyin kaɗai ke fita, a tace shi da gawayi. Yana da tsada, kuma a bakina ɗanɗanonsa kan ɗan yi sanyi. Akwai kuma na iskar kabon mai matsi, dabarar Bajamushe Kurt Zosel, wadda manyan kamfanoni suka fi iya ɗaukar nauyinta.

Ni dai na Kolombiya na fi so, wanda ake cirewa da etil asetet da aka samo daga rake. A ƙasar ake nomawa, a can ake cirewa, kuma yana barin ɗan zaƙi.

"Deka" ba sifili ba ne. A ƙasashen Turai doka kan yarda da ragowar kafeyin har kashi 0.1 cikin ɗari a soyayye, 0.3 a mai narkewa nan take. Wanda likita ya hana gaba ɗaya, ya sake tambayarsa.

In kuwa ƙunshi ya ce daga "ƙananan manoma" kafen ya fito, hoton tsoho da kwando ba shaida ba ne. Nemi sunan ƙasa, yanki da ƙungiyar manoman a jikin ƙunshin; in babu, kada ka biya ƙari. Duba ranar suya, ka sayi kaɗan, domin wanda aka cire wa kafeyin ya fi saurin rasa ƙamshi, zafinmu kuma ba ya sassauta masa. In barci kawai kake nema, ƙaramin kwalba na mai narkewa ya wadatar.