Yaya, na ga lambun da ba ya cin fetur

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya su Hajiya? Ranar Asabar muka hau bas daga Sheffield zuwa wani tsohon gidan masu sarauta da ake kira Chatsworth a yankin Derbyshire, wallahi tunda na shiga kai nake ta tunawa, kai da injin ban ruwanka da kuɗin man da yake lashewa duk rani.

Gidan na zuri'ar Cavendish ne, tun 1549 suka sayi wurin kuma har yau jikokinsu ne a ciki, lambun kaɗai eka 105 ne. Ba irin namu na tumatir da albasa ba fa, yawanci ciyawa ce shar da furanni da manyan bishiyoyi, ga kogin Derwent a ƙasa tumaki na kiwo a bakinsa, sai ka rantse haka wurin yake tun asali alhali wani Capability Brown ne ya tsara shi wajen 1760.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ruwan da ke feshi sama a gaban gidan. Shugaban masu lambunsu Joseph Paxton ne ya yi shi a 1844 saboda ana sa ran zuwan sarkin Rasha, sarkin ma bai zo ba. Tafki ya haƙa a saman tudun da ke bayan gidan ya jawo bututun ƙarfe ƙasa, nauyin ruwan da kansa ke cilla shi, har ya taɓa kai tsayin mita 90, ba inji ba janareto ba fetur. Na tsaya kusa har iska ta kaɗo min yayyafinsa a fuska. Wannan Paxton ɗin dai shi ya rene ayabar da ake kira Cavendish a ɗakin gilashi a nan, ita ce ta cika kantunan Turai yanzu.

Kuɗin shiga akwai zafi gaskiya, a waya na sayi tikiti, shayi kofi ɗaya ma in ka juya kuɗin zuwa naira sai ka fasa sha. Amma kana ganin inda kuɗin ke tafiya, banɗaki tsaf da ruwa a famfo, ga 'yar mota mai ɗaukar tsofaffi, shukar da suke sayarwa kowace da takardar sunanta da irin wurin da take so. A kantin gonarsu na sayi tumatir, kyau kamar a hoto, amma da na yi miya ko kusa da ɗanɗanon na fadamarka bai kai ba, attaruhu kuwa ban gani ba sam.

Don Allah ka auna min tudun nan na bayan fadama, daga samansa zuwa fangalin farko taku nawa ne, in tanki zai zauna a can zan turo kuɗin bututu ƙarshen wata.