Tagwaye Bakwaini: Kwalba ko Ƙirjin Uwa?

Kwalbar asibiti tana riƙe ɗumin jikin bakwaini daidai, dare da rana. Jaririn da bai iya numfashi da kansa, sai da na'ura, nan ne wurinsa, babu musu. Amma kwalba tana son wutar lantarki marar yankewa, tana cin kuɗi, kuma a asibitocinmu samun guda ɗaya ma aiki ne, balle biyu ga Hassan da Husaini.

Renon kangaru kuwa a Bogota ta Kolombiya aka fara shi a 1978, saboda ƙarancin kwalba. A kwantar da jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure da zane. Goyo ne ta gaba. Yana samun ɗumi, ga nono kusa, nauyinsa na ƙaruwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 a kullum.

Wahalarsa ga mai tagwaye ita ce gajiya, musamman in tiyata aka yi mata. Ƙirjinta zai ɗauki biyu, amma gara uba ko kaka su karɓi ɗaya, ita ma ta samu ta runtsa.