SystemRescue a kan tsohuwar kwamfutar da ta ƙi tashi: inda yake da amfani da inda yake gazawa

Tsohuwar kwamfuta idan ta ƙi tashi, yawanci baƙin allo take nunawa da ɗan rubutu: "No bootable device", ko "Operating System not found", ko a kan HP "Boot Device Not Found" da lamba 3F0. Abin da aka fi yi mata a shago shi ne a sake zuba Windows. In faifan ajiyar ne ke mutuwa, wannan zubin shi zai ƙarasa shi, ya tafi da duk abin da ke ciki. Don irin wannan matsalar nake amfani da SystemRescue. A ganina, wajen gano ciwon faifai da ceto fayiloli ba shi da na biyu a cikin kayan aikin kyauta, amma ba ya lallaɓa mai koyo ko kaɗan.

Tsarin Linux ne da ke tashi daga filash, ba ya taɓa faifan kwamfutar sai an umarce shi. François Dupoux ne ya ƙirƙiro shi, da can ana kiransa SystemRescueCd, kuma tun 2019 a kan Arch Linux ake gina shi. Girmansa kusan gigabait 1 ne, filash mai gigabait 4 ya wadatar. Ana rubuta shi a kan filash ɗin da manhajar Rufus ko Ventoy. In da Rufus ne kuma kwamfutar mai tsohon BIOS ce (manhajar saitin da ke fara tashi kafin Windows), a zaɓi MBR a wajen tsarin rabon filash ɗin.

Kafin a soka filash ɗin, a fara shiga BIOS, F2 a Dell, F10 a HP. In kwanan wata ya koma shekarun baya, batirin madabod ya mutu, wato CR2032 mai bolt 3. Mutuwarsa kan mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani, har tsarin SATA, wato mahaɗin faifai da madabod, ya sauya tsakanin AHCI da IDE, sai Windows 7 ta buga shuɗin allo mai lamba 0x0000007B alhali faifan lafiyarsa lau. Sabon batir da mayar da saitin sun gama magana. Sannan a kasa kunne. Faifan da ke ƙas-ƙas-ƙas yana tsayawa yana sake juyawa, yawanci allurar karatunsa ce ta lalace. A kashe kwamfutar nan take, domin babu manhajar da ke gyara wannan, kuma kowane juyi ƙara karce faifan yake. Maganar sa shi a firiza ma a bar ta, raɓa kawai zai kwasa.

In BIOS na ganin faifan kuma ba ya ƙara, nan aikin SystemRescue ya fara. F12 a Dell ko F9 a HP na buɗe jerin abin da za a tashi da shi. Bayan ya tashi, baƙin allo zai ba ka yana jiran umarni. Wanda ke son tagogi da linzami sai ya rubuta startx. Umarnin farko shi ne lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL, wanda ke jera faifai da girmansu da lambobinsu. A rubuta sakamakon a takarda. Sunaye irin sda da sdb kan sauya daga tashi zuwa tashi, lambar jikin faifai ce ba ta sauyawa.

Sai smartctl -a /dev/sda (in sda ne sunan faifan mai ciwo), a karanta rahoton da faifan ke ajiyewa game da lafiyarsa, wanda ake kira SMART. Kada kalmar PASSED da ke sama ta ruɗi mutum, faifai na iya zama a bakin mutuwa yana nuna ta. Layuka huɗu ne abin dubawa, a ginshiƙin ƙarshe. Lamba 5 adadin guraben ajiyar bayanai da suka lalace aka musanya su da na ajiya. Lamba 197 guraben da faifan ya kasa karantawa yanzu haka, kuma su ne suka fi hana Windows tashi in sun faɗa kan fayilolin farawa. Lamba 198 waɗanda suka gagara gyaruwa. Duk wanda ya wuce sifili a cikin ukun nan, a ɗauka faifan ya kama hanya. Lamba 199 kuwa daban take: kurakuran da ke faruwa a kan wayar SATA take ƙirgawa, don haka in ita kaɗai ce ta hau, a sauya waya ko a cire faifan a sake zaunar da shi, sau da yawa shi ke nan. Rahoto mai tsabta ma ba tabbaci ba ne. Binciken da Google ya fitar a 2007 kan faifai sama da 100,000 ya nuna kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama a SMART ba.

Abin da ya sa nake fifita wannan filash shi ne ddrescue, manhajar kwafe faifai mai ciwo. Kwafi na yau da kullum in ya ci karo da gurbi marar kyau, sai ya tsaya yana ta gwadawa, faifan na zafi, har ya sanƙare. ddrescue tsallakewa yake, ya kwashe duk wurin da ke karantuwa cikin sauƙi tukuna, ya bar masu wuya zuwa ƙarshe, kamar mai kwashe kaya daga ɗakin da ruwa ke shiga, na kusa da ƙofa yake fara fitarwa. Ana buƙatar faifan waje mai sarari fiye da girman faifan da ke ciwo gaba ɗayansa, ba girman fayilolin ciki ba, kuma kada tsarin fomat ɗinsa ya zama FAT32, domin ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. NTFS, exFAT ko ext4 duk sun yi. Bayan an haɗa shi a /mnt/waje, zagayen farko:

ddrescue -d -n /dev/sda /mnt/waje/kwafi.img /mnt/waje/taswira.map

Harafin -n na hana shi tsayawa kankarar guraben da suka lalace ɗaya bayan ɗaya. In ya gama, a sake ba da umarnin a cire -n a sa -r3, ya koma wa wuraren da ya tsallake har sau uku. Fayil na uku, taswirar, shi ne ƙashin bayan aikin. A ciki yake rubuta inda ya karanta da inda ya rage, don haka in an ɗauke wuta ko faifan ya ɓace a tsakiyar aiki, sake ba da umarnin kawai za a yi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ga wanda ke aiki da janareta ko wutar da ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓarsa. Faifai mai gigabait 500 ta USB 2.0, a gudun megabait 30 a daƙiƙa, zai ci awa huɗu zuwa biyar in yana da sauran lafiya. Mai ciwo sosai kan kwana yana yi. A sa masa fanka.

Haɗarinsa yana nan a wuri ɗaya. In ana kwafa daga faifai zuwa faifai kai tsaye, dole a ƙara -f, kuma wanda ya juya sunayen biyu ya shafe abin da ya zo ceto. Na farko shi ne marar lafiya, na biyu shi ne inda za a zuba. Babu tambayar "ka tabbata?" Shi ya sa na fi son kwafa zuwa fayil. Haka nan in da hali a haɗa faifan mai ciwo da SATA ta madabod, domin adaftar USB kan sanƙare in ta haɗu da gurbi marar kyau, wasu ma ba sa miƙa rahoton SMART sai an ƙara -d sat a umarnin smartctl. Babban faifai mai inci 3.5 kuma yana buƙatar wutar bolt 12 ta daban, USB kaɗai ba ta juya shi.

Daga nan a ajiye faifan asali gefe, a yi aiki da kwafin. losetup -fP --show kwafi.img zai fito da ɓangarorinsa, a buɗe su da mount -o ro don kada a rubuta komai. In teburin rabon faifai ya lalace, TestDisk na nemo ɓangarorin da suka ɓace. In shi ma ya kasa, PhotoRec zai tsamo hotuna da takardu, sai dai ba suna ba folda, dubban fayiloli masu lambobi da za a zauna tantancewa. Umarnin chkdsk /r da ake yawan ba mutane shawara, kada a yi shi a kan faifai mai ciwo kafin a kwafa. Yana tilasta karanta ko'ina, yana kuma sauya abin da ya tarar.

Gazawar SystemRescue a fili take. In faifan lafiya yake, fayilolin farawa na Windows ne suka lalace, sai an koma ga filash ɗin Windows an yi bootrec /fixmbr da bootrec /rebuildbcd. Sababbin fitowarsa na 64-bit ne kawai, don haka laftof mai Pentium M, Core Duo ko Atom N270 ba za ta tashe shi ba, Core 2 Duo kuwa za ta yi. Yana son RAM kamar gigabait 2, kuma a injin da ke da saitin tsaro na Secure Boot sai an kashe saitin. Hiren's BootCD PE ya fi shi sauƙin sarrafawa tunda fuskar Windows gare shi, amma Windows na ƙoƙarin buɗe kowane faifai da zarar ta gan shi, abin da ke sa ta sanƙarewa a kan mai ciwo.

Faifan da ya nuna 197 ko 198 ba a mayar da shi aiki ko da ya sake tashi. SSD mai SATA na shiga gurbinsa a yawancin injunan zamanin Core 2 Duo zuwa sama. A kula da girma in za a zuba kwafin gaba ɗaya: na gigabait 500 ba ya shiga SSD mai 480, sai an fara rage ɓangaren Windows da GParted, wanda shi ma yana cikin filash ɗin, ko a sayi mai 512.